Isnadin Hoto: Kiyaye Bayanan Cikin Hoto Yayin Sauya Shi Zuwa Sababbin Sigogi



  Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne yadda za a kiyaye bayanan da ke ƙunshe cikin hoto idan an zo sauya shi zuwa sababbin sigogin fayil masu rage nauyi, irin su WebP da HEIC da AVIF da JPEG XL. Wani zai ji taken ya ce ai wannan na masu kwamfuta ne. Ina roƙonsa ya ara mini kunnensa, domin duk mai waya a aljihu maganar ta shafe shi.

A cikin akwatin ƙarfe na mahaifiyata akwai wani hoton mahaifina, baƙi da fari, gefensa ya fara cinyewa. Yana tsaye da babbar riga, hannunsa ɗaya a kan kujera. Idan ka juya bayansa za ka ga hatimin shagon mai hoton da shuɗin tawada, sai rubutun biro na mahaifina: rana da wata da shekara, da sunan garin, da dalilin ɗaukar hoton. Wannan ɗan rubutun ne ya sa jikokinsa da ba su riske shi ba suke iya cewa ga inda yake, ga shekarunsa a lokacin. Hoton da wayarka ta ɗauka jiya shi ma yana da bayansa, sai dai ido ba ya ganinsa. Masana suna ce masa metadeta. Ni kuwa yau zan aro kalma daga malamanmu na hadisi in kira shi isnadin hoto. Ba ina haɗa darajar hoto da ta hadisi ba ne, Allah ya tsare. Tsarin nake aro: akwai matani, wato abin da ido ke gani, akwai kuma isnadi, wato wa ya kawo, daga ina, yaushe.

Batu na farko: me ke rubuce a bayan hoton dijital?

Rubutu iri huɗu ne, kowanne da tarihinsa. Akwai Exif, wanda kamfanonin lantarki na Japan suka fito da shi a 1995, shekara uku bayan tabbatar da tsarin JPEG a 1992. Kyamara ce ke rubuta shi da kanta a lokacin da ka danna: ranar ɗauka da sa'a har daƙiƙa, sunan kyamara ko waya, yawan hasken da aka bari ya shiga, yadda aka riƙe na'urar, da lambobin GPS idan an kunna su. Akwai IPTC, na majalisar kafofin labarai ta duniya, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 domin hoton da aka aika daga fagen labari ya isa teburin edita da sunan mai ɗauka, da bayanin abin da ke ciki, da mai haƙƙin mallaka. Akwai XMP, da kamfanin Adobe ya kawo a 2001, ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a 2012, kuma yana iya ɗaukar kusan duk abin da na biyun ke ɗauka har da ƙari. Na huɗu shi ne bayanin launi, da ake kira ICC, mai gaya wa allo wane irin ja ake nufi da wannan lamba, wane irin kore.

Ku lura, Exif aikin na'ura ne, IPTC da XMP kuwa galibi gumin mutum ne. Wani ne ya zauna ya rubuta cewa wannan Hawan Daushe ne, wannan hakimin gari kaza ne, wannan shekara kaza ce. Idan ya ɓace, sai a sake nemo dattijon da ya san fuskokin, in yana raye.

Batu na biyu: me ya kawo sauyin, kuma a ina ɓarnar ke shigowa?

Dalilin sauyin mai kyau ne, kuma mu da muke sayen data da kuɗin cefane mun fi kowa saninsa. Google ya fito da WebP a 2010 domin shafukan intanet su riƙa buɗewa da sauri. Apple ya mayar da wayoyinsa kan HEIC a 2017. AVIF ya biyo baya a 2019, daga haɗakar kamfanoni da suka so tsarin da ba a biya masa kuɗin lasisi. Sai JPEG XL, daga kwamitin da ya haifi JPEG ɗin farko. Duk suna ba ka hoto mai kyan gani a nauyin da bai kai na da ba. Wanda ke ƙauye da sanda ɗaya ta sabis, yana jiran hoto ya sauka, ya san amfanin wannan.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, dukkan sigogin nan huɗu suna da wurin ajiye Exif da XMP da bayanin launi. Gidan akwai ɗaki. Mai kwashe kayan ne ke barinsu a tsohon gida. Manhajar sauya hoto tana buɗe tsohon fayil, ta kwashi ɗigogin launin, ta matse su, ta zuba a sabon fayil. Ɗauko isnadin wani aiki ne daban, kuma manhajoji da yawa ba sa yinsa sai an umarce su. Misali, cwebp, manhajar da Google kansa ya yi don samar da WebP, idan ka bar ta yadda ta zo, ba ta kwafe komai, ko Exif, ko XMP, ko launi. Sai ka ƙara mata umarnin "-metadata all" sannan ta ɗauko. Haka sharp, wadda masu gina shafuka da yawa ke amfani da ita, tana zubar da bayanan sai an ce ta riƙe. Ita kuwa avifenc, ta samar da AVIF, ɗabi'arta akasin haka ce: tana kwafewa sai ka hana ta. To wa zai gane wannan bambancin da ido, alhali hotunan duka sun fito tas?

Na ɗanɗana wannan da kaina. Shekarun baya kwamfutata ta cika, sai na samu wata manhajar kyauta na ba ta hotunan gida na shekaru masu yawa, na ce ta matse. Kafin la'asar ta gama. Na buɗe biyar ko shida, na ga ba abin da ya same su, na goge na asalin. Bayan makonni ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, turo mini hotunan Inna na ƙaramar Sallar da ta yi ta ƙarshe." Na je in jera su bisa kwanan wata, sai na tarar duka, tun daga sunan ɗana na fari har zuwa jinyar Inna, rana ɗaya suke ɗauke da ita, ranar da na matse su. Mun kwana uku ni da ita muna duba atamfar da Inna ta ɗaura da girman yaran da ke gefenta, muna ƙoƙarin gane wace Salla ce wace. Akwai hotuna biyu da har yau ba mu daidaita a kansu ba.

Abin da ya faru shi ne, kwanan wata iri biyu ne. Akwai wanda kwamfuta ke liƙa wa fayil daga waje, wanda ke iya canzawa idan an kwafa ko an gyara. Akwai na cikin Exif, ranar ɗauka ta gaskiya. Da na cikin ya tafi, sai na wajen kawai ya rage.

Batu na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe: ko an kwafi bayanan, akwai ramuka.

Ramin farko, kwanciyar hoto. Idan ka riƙe waya a tsaye ka ɗauka, yawancin wayoyi ba sa juya ɗigogin. Suna ajiye su yadda idon kyamara ya gani, su rubuta wata lamba daga 1 zuwa 8 a cikin Exif, mai cewa a juya ta nan kafin a nuna. Idan mai sauyawa ya zubar da lambar bai juya hoton ba, sai ka ga ango da amarya a kwance a gefe. Idan kuma ya juya hoton, sannan ya kwafo tsohuwar lambar, sai a juya shi sau biyu. HEIC da AVIF sun ƙara wa abin sarƙaƙiya, domin suna da nasu wurin rubuta juyi a jikin fayil, daban da na Exif, kuma shi ake bi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan an riga an miƙar da hoton, a mayar da lambar Exif zuwa 1.

Rami na biyu, launi. Tun daga iPhone 7 a 2016, wayoyin Apple suna ɗaukar hoto da ma'aunin launi mai faɗi, Display P3, wasu wayoyin ma sun bi sahu. Idan aka cire bayanin launin, allo zai ɗauka tsohon ma'aunin sRGB ne na 1996, sai launukan su dusashe. Ku ɗauki hoton dogarai a ƙofar fada, da jan nan da koren nan masu ɗaukar ido. Cire ICC, sai rigunan su koma kamar sun sha wanki da rana. Mai sayar da atamfa ko shadda ta intanet, wannan asara ce ta kuɗi kai tsaye, domin mai saye zai ce ba launin da ya gani ba ke nan. Ko dai a bar bayanin launin, ko a mayar da hoton kansa zuwa sRGB kafin a cire. Idan an mayar kuma, kada a sake liƙa masa tsohon bayanin.

Rami na uku ya shafi 'yan jarida. Tsohon tsarin IPTC yana da mazauni a cikin JPEG, amma ba a tanadar masa wuri a WebP ba, haka a AVIF da HEIC. Gidan jaridar da ya shekara ashirin yana rubuta bayanin hotuna da tsohon tsarin kaɗai, ko ya ce a kwafi komai, bayanin ba shi da inda zai sauka. Dole a fara zuba shi cikin XMP tukuna, sannan a sauya.

Rami na huɗu namu ne, mu masu rubutu da Hausa. Guraben rubutu na Exif, irin su sunan mai hoto da bayanin hoto, an gina su ne a kan haruffan ASCII, waɗanda ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa, balle ajami. Sai a 2023, da fitowar Exif 3.0, aka buɗe ƙofa ga UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan duniya. Tsohon IPTC yana iya ɗaukar haruffanmu, amma sai an sa wata alama mai cewa rubutun UTF-8 ne. Idan alamar ta faɗi a hanya, ƙaramin ƙ sai ya koma Æ™. Wa bai taɓa ganin irin wannan tarkacen a shafin intanet ba? Ka rubuta Ƙofar Mata ko Birnin Ƙonni, bayan sauyi ka nema da sunan, kwamfuta ta ce babu. Shawarata, duk bayanin da za ku rubuta da Hausa ku sa shi a XMP, domin shi tun asali da Unicode, tushen UTF-8, aka gina shi.

Rami na biyar gajere ne. Exif ya daɗe yana rubuta sa'a ba tare da faɗin agogon wace ƙasa ba ne, sai a 2016 aka ƙara gurbin hakan. Alhajin da ya ɗauki hoto a Arfa, agogon Saudiyya yana gaban namu da sa'a biyu. Idan aka haɗa hotunan mutane da yawa, wannan gurbin ne ke daidaita jerin, don haka a duba ya tsallaka.

Batu na huɗu: shin kullum kiyayewa ce daidai?

A'a, kuma ba zan ɓoye muku wannan ba. A watan Disamba na 2012, John McAfee, wanda ya kafa wani kamfanin rigakafin cutar kwamfuta, yana gudun 'yan sandan Beliz. 'Yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa da aka ɗauka da waya, ba su cire lambobin GPS ba. Cikin sa'o'i duniya ta san yana Gwatemala. Ku dawo da abin gida. Yarinya ta ɗauki hoton kayan da take sayarwa a tsakar gidansu, ta aika wa baƙon da ba ta sani ba. Ɗan jarida ya ɗauki hoton wanda ya ba shi labari a ɓoye. A yanayin tsaron da muke ciki, lambobin nan suna iya kai mugu har ƙofar gida. Akwai ma wani ɗan ƙaramin hoto da kyamara ke cusawa cikin Exif. Wani lokaci ka yanke gefen babban hoton don ɓoye fuskar wani, ƙaramin yana nan da fuskar.

Akwai kuma hujjar nauyi. A hoton megabait huɗu, bayanan ba su taka kara sun karya ba. Amma idan an matse hoton ya koma kilobait hamsin don shafin intanet, bayanan kilobait ashirin sun zama kaya. Masu gina shafuka da ke cirewa ba mugunta suke yi ba.

To ina mafita? A raba kwafin ajiya da kwafin yawo. Na ajiya ya riƙe komai. Na yawo a cire masa GPS da ƙaramin hoton da lambar na'ura, a bar masa sunan mai ɗauka, da haƙƙin mallaka, da bayanin abin da ke ciki, da launi. Waɗannan ba su da wani nauyi. Tun 2018 Google yake karanta gurbin mai ɗauka da na haƙƙin mallaka yana nuna su a sakamakon binciken hotuna. Mai hoton da ya tsaya cikin ƙurar dawaki tun hantsi ranar Hawan Nassarawa, ya samu hoto ɗaya da ya zaga duniya, a ce sunansa ya faɗi saboda wani ya ƙi ƙara kalma biyu a umarni? Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Abin da nake ƙi shi ne manhaja ta yanke maka hukunci ba ka sani ba, ta cire abin da kake so, ko ta bar abin da zai cuce ka.

Batu na biyar: me za mu yi idan mun koma gida?

Kada a goge na asali. Matsewar WebP da HEIC da AVIF da aka saba yi tana zubar da wani abu daga hoton wanda ba ya dawowa, kuma JPEG ɗin da kake sauyawa an riga an matse shi sau ɗaya. Kuɗin faifan ajiya bai kai darajar abin da za a rasa ba. Wanda wuri ya yi wa ƙaranci ƙwarai, JPEG XL yana da wata baiwa: yana iya sake shirya tsohon JPEG ya rage kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, kuma a iya dawo da fayil ɗin farko daidai yadda yake. Sai dai karɓuwarsa ta yi tafiyar hawainiya. Google ya cire gwajinsa daga Chrome a farkon 2023, Apple kuma ya karɓe shi a cikin shekarar. A gwada shi a na'urorin da ake da su kafin a dogara da shi.

A nemi ExifTool. Wani ɗan Kanada, Phil Harvey, ya fara fitar da ita a 2003, kyauta ce, kuma har yau ita ce madogarar masu wannan aiki. Tana nuna duk abin da ke bayan hoto. Da umarninta na "-tagsFromFile" ana ɗebo bayanai daga tsohon fayil a zuba a sabo. Tana iya fitar da bayanan hotuna dubbai a jadawali guda, ka ajiye shi daban kafin ka taɓa komai, ta yadda ko an yi ɓari akwai inda za a koma.

A yi gwaji da hoto goma kafin a saki manhaja a kan dubu goma. A zaɓi na tsaye da na kwance, da mai jan launi, da mai bayani da haruffanmu masu lanƙwasa. A sauya, a buɗe bayanan tsoho da na sabo gefe da gefe, a gwada. Minti ashirin ne. Da na yi su, da ni da ƙanwata ba mu yi kwana ukun nan ba.

Sannan WhatsApp, inda yawancin hotunanmu ke bi. Idan ka tura hoto a matsayin hoto, ana matse shi, a kuma cire Exif. Idan ka tura shi a matsayin dokumen, fayil ɗin yana isa yadda yake. Wakilin da ke aiko wa edita hoto, ko mai hoton biki da ke miƙa aiki, ya tura ta dokumen. Mai aika wa baƙo kuwa, ya san cewa ta dokumen har da GPS ɗinsa ke tafiya.

Ɗalibai, ku da za ku gina shafuka da manhajojin gobe, ku ne masu kwafen wannan zamani. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu, idan sun kai ƙarshe sukan rubuta tammat, sau da yawa su sa sunan mawallafi, da nasu, da na mai littafin. Da wannan ne masu bincike a yau suke gane hanyar da littafi ya biyo. Yanzu da na'ura ke iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, kamfanoni sun kafa haɗakar C2PA a 2021 don sa wa hoto hatimin asali, kuma kyamarar Leica M11-P ta 2023 ce ta fara fitowa da shi. Wannan hatimin ma yana karyewa idan an sauya fayil da manhajar da ba ta san da shi ba. Don haka duk layin umarnin da za ku rubuta na matse hoto, ku tsaya ku tambayi kanku me ya ɗauko, me ya bari.

Mai girma shugaba, na ga an ɗaga mini takardar lokaci.  Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a gyara mini. Na zo da kwamfuta, wanda yake so mu buɗe bayan wani hoto daga wayarsa ya gani da idonsa, sai ya matso bayan an tashi. Yanzu kuma fili naku ne, mai tambaya ko ƙarin bayani, bismillah.